Masassara ta tafi, kunne bai dawo ba

Wata baiwar Allah daga unguwar Garin Malam a nan Damagaram ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana zuwa ci-rani wajen Bauchi, yana aiki a siton hatsi. A watan Fabrairu masassara ta kwantar da shi, aka yi maganin zazzaɓin sauro bai ji ba, aka kai shi babban asibiti, aka ɗebi jini aka ce Lassa ce. Ya yi kwana goma sha biyu a kwance, Allah ya ba shi lafiya ya dawo gida. Kwana kaɗan da dawowarsa ya wayi gari kunnen hagu ba ya ji ko kaɗan, sai ƙara kamar kukan gyare, ga jiri. Yau mako uku ke nan. Wasu sun ce alluran da aka yi masa ne, wasu sun ce iska ce, an ɗiga masa mai iri-iri. Cutar ce ta dawo? Zai sake ji? Ni da yara muna cikin haɗari?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Mun gode wa Allah da ya tashi kafaɗun maigida, domin Lassar da ta kai mutum ga kwanciya asibiti ba ƙaramar cuta ba ce. Ni aikina duba kunne da hanci da maƙogwaro ne, kuma zan amsa miki bisa abin da kika rubuto, amma ki riƙe a ranki cewa ban leƙa kunnensa ba tukuna.

Abin da kika kwatanta, mutum ya warke daga Lassa, ya kwanta lafiya lau, ya tashi kunne ɗaya ya mutu, ga ƙara ga jiri, haka kurumtar wannan cuta take zuwa, ba ragi ba ƙari. Cutar ba dawowa ta yi ba, sawunta ne ya bayyana bayan ta wuce. Abin da nake roƙonki kafin komai shi ne ku kai shi wurin likitan kunne cikin wannan mako. Kada a ce sai an sami sarari, kada a ce bari a ga yadda hali zai yi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, kuma a lamarin jijiyar ji, kowace rana tana da tsada.

Sunan cutar ya samo asali ne daga garin Lassa da ke jihar Borno, inda aka fara gane ta a 1969 bayan ta kashe ma'aikatan jinya na mishan. Mai ɗauke da ita wani ɓera ne mai nonuwa da yawa a jere a cikinsa, wanda ke zama a gidaje da rumbuna da gonaki. Ba jaba ba ce, ba gafiya ba ce. Shi ɓeran cutar ba ta kwantar da shi, sai dai yana zubar da ita a fitsari da kashinsa, a kan hatsi, a kan shanya, a kwanon da aka bari buɗe. Mutum ya ci, ko ya shaƙi ƙurar wurin yana shara, ko ya taɓa da hannu mai ciwo, shi ke nan. Da kika ce siton hatsi a Bauchi a watan Fabrairu, ban yi mamaki ba, domin Bauchi tana cikin jihohin da aka fi samun cutar tare da Ondo da Edo da Taraba, kuma lokacin rani, daga Disamba zuwa Afrilu, shi ne lokacinta. Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ambata a matsayin gidan wannan cuta. Amma tsakanin Damagaram da Kano tafiyar yini ɗaya ma ba ta cika ba, kuma ƴan ci-raninmu suna tafiya suna dawowa ta Magarya da Matamaye kullum. Saboda haka tambayarki ta shafi gidaje da yawa a jihar nan.

Kurumta bayan Lassa ba abu ne da ake gani jefi-jefi ba. OMS ta ce cikin mutum huɗu da suka tsira daga cutar, ɗaya yana samun matsalar ji. Wani bincike da aka yi a Saliyo, aka wallafa a 1990, ya bi marasa lafiya da aka tabbatar suna da Lassa a asibiti, ya tarar kashi 29 cikin 100 sun sami kurumta ta jijiya farat ɗaya. Wani kunne ɗaya, wani duka biyu, wani raguwa kaɗan, wani mutuwar kunne ƙurmus. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsananin cutar ba shi ke nuna wanda zai kurumce ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda Lassa ta kama ba sa jin wani ciwo a jikinsu, ko kuma ƴar masassara ce ta kwana biyu su miƙe, amma a cikin irin waɗannan ma akwai masu rasa ji. Don haka in maigida yana da abokan aiki da suka yi masassara tare a wancan sito, ya tambaye su. Wanda ya ce tun lokacin kunnensa ya yi nauyi, shi ma ya je a auna.

Lassa tana cikin dangin cututtukan da ake kira masassara mai sa zubar jini, tare da Ebola da wadda kaska ke yaɗawa da wadda ake ɗauka daga dabbobi, irin wadda ta ɓarke a jihar Tawa a 2016 tsakanin makiyaya. Kowace da inda ta fi barin tabo. Ta Tawa ta fi taɓa ido. Cikin waɗanda suka tsira daga Ebola an sami masu ciwon ido da gaɓoɓi, da wasu masu ƙarar kunne da raguwar ji. Amma wadda ta yi suna da kunne a duk dangin, Lassa ce.

Bari in tsaya a kan yadda abin ke faruwa, domin in kika gane shi, za ki gane dalilin da ya sa man da ake ɗigawa ba zai yi aiki ba.

Ki ɗauki kunne kamar gida. Akwai zaure, shi ne ramin da kike gani, wanda ake sa yatsa, ya tafi har ya tsaya a wata ƴar fata siririya da muke kira dodon kunne. Bayan wannan fata akwai tsakar gida, wani ɗan fili mai iska, da ƙananan ƙasusuwa guda uku da suka fi kowane ƙashi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, suna karɓar motsin dodon kunne suna miƙa shi ciki. Sannan akwai ƙuryar ɗaki, a binne cikin ƙashin kai. A nan ne ake da wani abu mai siffar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ne ke juya motsin sauti ya zama saƙo, jijiyar ji mai zaruruwa kimanin 30,000 ta ɗauki saƙon ta kai ƙwaƙwalwa. A gefen katantanwar, a ɗaki guda, akwai ma'aunin da ke daidaita tsayuwar mutum da tafiyarsa. Shi ya sa maigida ke jin jiri: abin da ya taɓa ɗaya yakan taɓa maƙwabcinsa.

Lassa a ƙuryar ɗaki take ɓarna. Kuma lokacin da take yin ta yana da abin lura. Kurumtar ba ta cika zuwa a kwanakin farko da masassara ke kan ganiyarta ba, ta fi zuwa a mako na biyu ko na uku, lokacin da jiki ya fara cin galaba, wani lokaci ma bayan an sallami mutum. Wannan ne ya sa masu bincike suka karkata ga cewa garkuwar jiki ce da kanta, garin yaƙi da ƙwayar cutar, take raunata jijiyar ji. An gwada a kan dabbobi a Amurka. A jikin ɓerayen gwaji an tarar fararen ƙwayoyin jini sun taru a gindin jijiyar ji sun lalata ta. A jikin birai an tarar kumburi a ƙananan hanyoyin jini. Ita kuwa ƙuryar kunne hanyar jini guda ɗaya siririya ke ciyar da ita, ba ta da ta ko-ta-kwana. Kamar gobara ce ta tashi aka taru aka kashe, amma ruwan da aka kwarara ya jiƙa katangar ƙasa ta zube. Ƙarar da yake ji kuwa ba wani abu ne ya shiga kunnen ba. In saƙo ya daina zuwa daga kunne, ƙwaƙwalwa takan ƙara buɗe murya tana nema, kamar rediyon da ya rasa tasha, sai shuuu.

To man zaitun, man habbatus sauda, ruwan albasa, turare, duk abin da aka ɗiga, a zaure yake tsayawa. Ƙofa a rufe take, tsakaninsa da wurin ciwon akwai fata da fili da ƙashi. Abin da zai iya yi shi ne ya jiƙa dauɗar kunne ta kumbura ta toshe hanya, ko ya ƙona fatar ramin, ko kuma in dodon kunnen yana da huda ya shige tsakar gida ya jawo mugunya. Ranar da kuka zo awo kuma sai ya rikita mana sakamako. Na san da ƙauna ake yi, kowa yana son ya taimaka, amma ku daina daga yau. Haka sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza.

Masu cewa allurai ne ba su yi maganar banza ba, kuma ni ma sai na bincika wannan kafin in yanke hukunci. Akwai magungunan da ke taɓa ji. Kinin, wanda aka fi sani a nan da Quinimax, yana sa ƙarar kunne da toshewa, amma yawanci da an daina, cikin kwanaki kaɗan ji ya dawo. Masu haɗari su ne dangin jantamisin, da amikasin, da kanamisin, da istireftomisin, domin ɓarnarsu ba ta komawa, kuma ta fi tsanani in ƙoda ta raunana, abin da Lassa kanta ke jawowa. Mai masassarar da ta ƙi jin magani ana yawan yi masa irin waɗannan allurai kafin a gane abin da ke damunsa. Sai dai akwai bambanci. Magani yana bin jini ne ya isa kunnuwa biyu daidai, ya fara cinye siraran sautuka, a hankali. Kunne ɗaya ya mutu cikin dare ɗaya, ɗayan yana nan, wannan ya fi kama da aikin cutar. Shi kuwa ribabirin, maganin da ake ba masu Lassa, binciken da aka yi bai nuna shi ke kurumtarwa ba, kuma bai nuna yana hanawa ba. Waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba duk an samu a cikinsu. Don haka kada maigida ya riƙe waɗanda suka yi jinyarsa a zuciya.

A nan Damagaram, in aka kawo mini wanda ya kurumce bayan masassara, abin da na fara kawowa a raina sanƙarau ne, domin shi ne namu na gida. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 kaɗai, an ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar nan, 18 suka rasu, kuma cikin masu tsira daga sanƙarau kullum akwai waɗanda kunne ke tafiya. Ƙyanda da hangum ma suna yi, musamman ga yara. Na kawo wannan ne saboda sauran masu karatu: kada duk wanda kunnensa ya mutu bayan zazzaɓi a ce Lassa ce. Naku daban ne, tunda an gwada jini an tabbatar.

Akwai ɗan gwajin da za ku iya yi a gida yau. Ya rufe baki ya yi gunji a hanci, "mmmm", ya saurari ta inda yake jin muryarsa. In ya fi jin ta a kunnen da ya toshe, alama ce matsalar a zaure ko tsakar gida take, kamar dauɗa ko ruwa, kuma wannan labari ne mai daɗi don yana da sauƙin gyara. In muryar ta gudu zuwa kunnen dama mai lafiya, to jijiya ce. Ko wane sakamako kuka samu, zuwa asibiti yana nan.

A Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram ku nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubutawa ORL. Za a leƙa kunnen da fitila. Kada ki yi mamaki in likita ya ce bai ga komai ba, haka kurumtar jijiya take, dodon kunne fes. Za a buga wani ƙarfe mai ƙafa biyu a ɗora masa a goshi da bayan kunne. Sannan babban gwajin, odiyogram: a sa masa abin saurare a wuri shiru, a riƙa sako sautuka masu kauri da sirara, yana ɗaga hannu in ya ji. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Raɗa kimanin 30 ce, hira ta yau da kullum kimanin 60. Mai lafiyar kunne yana jin abin da bai kai 20 ba. Wanda sai an kai 35 zuwa sama a kunnensa mafi kyau kafin ya ji, rayuwarsa ta fara taɓuwa. Wanda sai an haura 90, kunnen kusan ya tafi. Ku nace a auna duka biyu, domin sau da yawa wanda ake kira mai lafiyar shi ma ya ɗan taɓu, mutuwar ɗayan ce ta rufe shi. Ku karɓi takardar ku adana, domin da ita za a gwada awon wata ɗaya da na wata uku da na wata shida a ga ko ana gaba.

Game da magani, zan gaya miki yadda abin yake. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana dawo da jin da Lassa ta ɗauke. Abin da muke da shi aro ne daga yadda ake kula da kurumtar farat ɗaya ta wasu dalilai, wato magungunan kwantar da kumburi na dangin kortizon. An fi sa rai da su in an fara cikin mako biyu na farko. Bayan nan, har zuwa wajen mako shida, akan gwada yin allurarsu ta cikin dodon kunne. Ku kuna mako na uku, ƙofar ta fara rufuwa amma ba ta rufe ba, dalilin gaggawata ke nan. Likitan da ya gan shi ne zai auna ko ya dace, bayan ya duba sukari da hawan jini da gyambon ciki da tarin fuka. Ina roƙonki da Allah kada wani ya je kasuwa ko wurin mai tallan magani a faranti ya sayo masa irin ƙwayoyin nan da ake sha don ƙiba, da sunan ai su ne likita ya faɗa. Dangi ɗaya ne, amma shan su ba bisa ƙa'ida ba yana karya garkuwar mutumin da bai gama murmurewa ba.

Zai sake ji? A cewar OMS, rabin waɗanda suka kurumce suna samun wani ɓangare na jinsu ya dawo tsakanin wata ɗaya zuwa uku. Ki lura da kalmar, wani ɓangare. Sauran rabin haka suke zama. Ƙwayoyin nan masu gashi da zaruruwan jijiya, in sun mutu ba sa sake tsirowa a jikin mutum. Waɗanda suka suma ne kawai ke farfaɗowa in kumburi ya sauka. A abin da muka saba gani a kurumtar farat ɗaya, wanda kunnensa ya mutu gaba ɗaya kuma da jiri, damarsa ba ta kai ta wanda ya ragu kaɗan ba. Ba na so in ba ki fatan da zai karye, ba na kuma so ki yanke ƙauna a mako na uku. In wata shida suka cika awo bai motsa ba, sai mu ɗauka abin da ya rage shi ne rabonsa, mu gina a kai.

Jirin kuwa ina da kyakkyawan zato a kansa. Ƙwaƙwalwa tana koyon dogara da kunne ɗaya da ido da tafin ƙafa, cikin makonni yakan lafa. Abin da ke taimaka mata motsi ne, ya riƙa tashi yana zagaya tsakar gida, yana juya kai a hankali. Kwanciya yini guda tana jinkirta warkewa, haka shan maganin jiri fiye da ƴan kwanaki. Kafin ya daidaita, ban da hawa tsani, ban da leƙa rijiya, ban da tuƙa babur.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, ko da kin manta sauran. Kunnen dama shi ne dukiyarsa. Mai kunne biyu in ɗaya ya sami matsala yana da madogara, shi ba shi da ita. Duk inda ya je neman magani, ko ƙaramin asibitin unguwa ne, wato CSI, ko wurin majo, ko farmasi, ya fara da cewa kunnena ɗaya ne, kada a yi mini allurar da ke taɓa ji sai in babu makawa. A rubuta masa a takarda ya sa a aljihu tare da katin shaidarsa. Ya nisanci injin niƙa da gindin janareto da lasifikar biki da wurin masu walda da ƙira. Ƙarar da ta kai desibel 85, in ana yini a cikinta, tana cin kunne a hankali, kuma ma'auninta mai sauƙi ne: in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, wurin ya yi ƙara da yawa. Ya rage sa abin saurare na waya a kunnen. In ana rigakafin sanƙarau ya je. Ranar da kunnen dama ya yi ciwo, ko ruwa, ko nauyi, ko ƙara, a ranar zai ga likita. Haka in masassara ta dawo, ko wuya ya sanƙare, ko baki ya karkace, ko ciwon kai mai tsanani.

Akwai kuma abin da awo ba ya nunawa, wanda ke ce za ki fi kowa ganinsa. Mai kunne ɗaya yana ji, amma ba ya sanin daga ina sauti ya fito, domin da kunne biyu ake gane wannan. A kira shi daga hagu ya juya dama. Kabu-kabu ya yi oda a bayansa a bakin Kasuwar Dole, ya kauce ta inda bai kamata ba. Ya koyi tsayawa ya duba da ido sau biyu kafin ya tsallaka titi. Cikin hayaniya kuma magana takan cakuɗe masa. A fada, ana shayi mutum biyar suna magana lokaci guda, zai ji ƙara amma ba zai tsinci zance ba, sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, daga baya ya fara ƙin zuwa. Wani ya yi masa sallama ta hagu bai amsa ba, a ce tunda ya dawo daga Najeriya ya yi girman kai. Na ga magidanta da wannan ya fi ci musu rai fiye da kurumtar kanta, har su koma zaman ɗaki.

Maganin wannan a hannunku yake. Ki gaya wa ƴan'uwa da abokansa gaskiyar abin da ya faru. Mai yi masa magana ya zo ta dama, ya fuskance shi, ya bari ya ga bakinsa, ya yi magana a natse. Ihu ba ya ƙara komai sai murɗe kalmomi da kunyata mutum. A kashe rediyo in ana zance mai muhimmanci. A masallaci ya tsaya ta inda kunnen dama zai fuskanci liman, a fada ya zauna a ƙarshen tabarma jama'a suna damansa. In ya kwanta a kan kunnen dama ba zai ji kiran assalatu ba, ba zai ji kukan yaro ba, sai ki riƙa tashinsa ba tare da kin mai da abin magana ba. Yara ma a koya musu, su taɓa hannun Baba kafin su yi magana.

In ji ya dawo rabi, na'urar ƙara ji da aka saita bisa awonsa za ta taimaka ƙwarai, kuma sau da yawa tana rage ƙarar. Wadda ake saya a kasuwa ba awo, ƙara kawai take ƙarawa, tana iya cutar da abin da ya saura. In kunnen ya mutu gaba ɗaya, akwai wadda ake saƙalawa a mataccen kunnen ta ɗauki sauti ta aika wa mai lafiyar. Akwai kuma dashen na'ura a cikin katantanwa ta hanyar tiyata, mai tsada sosai, wanda aka fi yi wa wanda ya rasa duka biyu. Ga wanda Allah ya jarrabta da rasa duka biyun, karatun leɓe da rubutu da maganar hannu hanyoyi ne na gaske, kuma babban mutum da ya riga ya iya magana ba ya zama bebe don ya kurumce.

Saura tambayarki ta ƙarshe. Kurumtar ba ta yaɗuwa, kuma ba alama ce ta cewa yana ɗauke da cutar a numfashinsa ba. Ku ci a kwano ɗaya, yara su hau cinyarsa, a gaisa da shi hannu da hannu. Lassa daga mutum zuwa mutum ta jini da ruwan jiki take bi, kuma haɗarin ya fi yawa lokacin da mutum ke kwance. Abu biyu ne ke jinkirin tsarkaka. Fitsari yana iya ɗaukar ƙwayar cutar na makonni, har zuwa tara, don haka a kula da tsabtar makewayi da wanke hannu da sabulu. Na biyun, ki gafarce ni, babu kunya a neman lafiya: ƙwayar tana daɗewa a ruwan namiji har wata uku, wani bincike a Najeriya ma ya ga alamarta bayan haka. Shawara ita ce a haƙura da kwanciyar aure, ko a yi amfani da kwaroron roba, aƙalla wata uku daga warkewarsa, kuma in akwai abokiyar zama ita ma ta sani. In kina da juna biyu wannan ya zama wajibi, domin a watanni ukun ƙarshe na ciki, Lassa tana kashe uwa ko ɗan tayi ko duka biyu a fiye da kashi 80 cikin 100. Cutar tana iya ɓoyewa har kwana 21 kafin ta bayyana. Duk wanda ya yi masassara a gidan a wannan tsakani, a kai shi asibiti a faɗa musu a fili cewa maigida ya yi Lassa, don su kare kansu su kuma nemi gwajin da ya dace. Har yanzu babu allurar rigakafinta da aka amince da ita, ana kan gwaji. In zai koma sito baɗi, to ya san da ɓera zai yi zama: abinci a rufe, a yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci, kada a ɗauki mushen ɓera da hannu.

Masu cewa iska ce, ki amsa musu da taushi. Abin da ya zo dare ɗaya ba ciwo ba jini, dole ya ba mutane tsoro. Addu'a da sadaka ku ci gaba da yi, ni ma ina taya ku. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a tafi da shi wani ƙauye a yi wata guda ana hayaƙi, kwanakin da suka rage masa na gwada magani su ƙare a can.

Ranar da za ku zo, ku taho da takardar sallama daga asibitin Bauchi, da sakamakon gwajin jinin, da duk wata takardar magani ko kwalin allura da ya dawo da shi, har da kwalaben abin da aka ɗiga masa. Ki zauna da shi daren nan ku tuna ranar da masassara ta fara, da ranar da ta sauka, da ranar da kunnen ya ɗauke, ku rubuta. Ki rako shi da kanki in da hali, domin a ɗakin likita ma rabin bayanin zai wuce ta kunnen hagu. Allah ya ba shi lafiya, ya mayar masa da jinsa.